Darasin lafiyar iyali: tsare tsofaffinmu daga faɗuwa da karaya

Darasin wannan fitowa a kan tsofaffin da ke cikin gidajenmu ne, kaka da baba tsoho, gwaggo da inna, da duk wanda shekaru suka fara ja wa ƙafa. Muna roƙon wanda ya iya karatu a gida ya karanta wa sauran a fili, kuma a yi karatun tsohon yana zaune yana ji, tunda maganar tasa ce.

A garin da ya baro, tsoho ya san gidansa da tafin ƙafarsa. Ya san taku nawa ne daga ɗakinsa zuwa bayan gida, ya san inda dokin ƙofa yake, ya san katangar da zai dafa ko da dare ya yi baƙi ƙirin, domin shekara arba'in ko hamsin yana bin wannan hanya. Tun daga 2019 da jama'a suka fara tsallakowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa nan jihar Maraɗi, wannan sani ya tsaya a can. Nan ɗaki sabo ne, hanya sabuwa ce, bayan gida yana da 'yar tazara kuma na tarayya ne. Da yawa sun baro tabarau da sanda da takardar maganinsu a ranar gudu. Wasu sun yi kwanaki suna tafiya a ƙasa da yunwa, jikin bai koma yadda yake ba har yau. Ɗan da ya saba riƙe hannun tsohuwa wataƙila yana wani gari, ko ma ba ya duniya. Shi ya sa faɗuwa ta fi kusa da tsohon da ke gudun hijira fiye da tsohon da ke zaune a gidansa na gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa a sanadin faɗuwa kowace shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. In aka cire haɗarin mota, babu wani haɗari da ya kai faɗuwa kashe mutane, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan. A cikin 'yan shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku ƙirga tsofaffin layinku, ku raba su uku, sai ku ga yawan gidajen da maganar ta shafa.

Me ya sa ƙashin tsoho ke saurin karyewa

Yaro zai faɗo daga kan jaki ya tashi ya kakkaɓe riga. Kakarsa kuwa santsi kaɗai zai kwashe ta a bakin randa, a ce ƙugu ya tafi. Dalili shi ne ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. Har wajen shekara 30 ginin ya fi rushewar yawa. Daga baya sai abin ya juya a hankali, cikin ƙashin ya riƙa zama ramuka-ramuka, kamar azarar da gara ta ci ta ciki: in ka dube ta lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi. Wannan zaizayewar ƙashi ba ta ciwo, ba ta kumburi, galibi karaya ce ke fara sanar da ita.

Mata sun fi shiga wannan hali, domin bayan haila ta ɗauke ƙashinsu yana raguwa da sauri na wasu shekaru. A lissafin duniya, cikin waɗanda suka wuce shekara 50, mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su gamu da karaya ta wannan hanya. Rama, ƙarancin abinci, shan taba, da doguwar jinya a kwance duk suna ƙara abin.

Wurare uku aka fi samun karayar. Akwai wuyan hannu, saboda mai faɗuwa yakan tare ƙasa da hannu. Akwai ƙashin baya, wanda yakan lotsa ko ba a faɗi ba, wani lokaci ɗaga bokiti kawai ya isa. Idan kun ga tsohuwa tana ƙara gajarta tana ranƙwafawa, ko ciwon baya mai tsanani ya taso mata farat ɗaya, ku kai ta a duba. Sai kuma ƙugu, wanda shi ne mafi muni. Kusan duk karayar ƙugu a wurin tsofaffi faɗuwa ce ke jawo ta, musamman faɗuwa ta gefe. Abin da ke kashe mutum bayanta shi ne kwanciyar: gyambo ya fito a baya da ɗuwawu, majina ta taru a huhu ta zama ciwo, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, cin abinci ya ragu. Da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya kamar da, sai gida ya ware mutum guda, galibi mace ko yarinyar da ya kamata tana makaranta, ta zauna jinya wata da watanni. Ga iyalin da kowane hannu yake da amfani wajen itace da ruwa da ƙwadago, wannan asara ce ta gida gaba ɗaya.

Abin da ke cikin jiki

Babban abin da ke kada tsofaffi, kuma wanda ya fi sauƙin magancewa, shi ne jirin tashi. Idan mutum ya daɗe a kwance ko a tsugune ya miƙe da sauri, jini yakan sauka ƙafafu kafin zuciya ta kai shi kai, sai ido ya yi duhu, ƙafa ta saki. Matashi jikinsa yana gyara wannan nan take, tsoho kuwa sai ya ɗauki lokaci. Ku lura da lokutan da abin ya fi faruwa: tashin asuba, fitowa daga bayan gida, miƙewa daga wurin wanki ko murhu, da bayan an ci abinci an ƙoshi. Maganinsa tashi hawa uku. A fara zama a kan shimfiɗa, a motsa ƙafafu da yatsu kamar na minti ɗaya. Sannan a miƙe a dafa wani abu a tsaya. Sai ido ya washe a ɗaga ƙafa. Salla ba za ta wuce ba saboda minti biyu.

Zafin bazara, daga watan uku zuwa na biyar, yana ƙara wannan jiri, haka gudawa da zazzaɓi da azumi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani kuma da gangan yake rage shan ruwa don gudun fita fitsari da dare. Kada a jira ya nema. A ajiye masa ruwa inda hannunsa zai kai, a yawaita ba shi da safe da rana, a rage kusa da kwanciya. Wanda azumi ke sa shi jiri har ya kusa faɗuwa, ya tambayi malami da ma'aikacin lafiya. Addini ya yi rangwame ga tsoho mai rauni da marar lafiya, malamanmu sun san hukuncin.

Sai magunguna. A nan ina so a tsaya da kyau, domin abin da ake saye a tire a kasuwa ya yi yawa. Ƙwayar barci irin su Valium, da Piriton da ake sha don mura ko ƙaiƙayi, da tiramadol da wasu ke ba iyayensu don ciwon gaɓoɓi, duk suna sa magagi da layi, kuma suna daɗewa a jikin tsoho fiye da jikin matashi. Ƙwayar da aka sha da dare tana iya kada mutum da hantsi. Ƙwayoyin nan na dekisa da ake sha don ciwon jiki ko don a yi ƙiba, in an daɗe ana shan su, suna cinye ƙashi kai tsaye, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a yanke masa su rana ɗaya, sai ma'aikacin lafiya ya rage masa a hankali. Maganin hawan jini yana iya saukar da jini fiye da kima, maganin ciwon suga kuma yana iya kada wanda ya sha bai ci abinci ba: zai yi gumi, hannu ya yi rawa, hankali ya rikice. Kada kowa ya daina maganin hawan jini ko na suga da kansa don ya karanta wannan, shanyewar ɓarin jiki ta fi faɗuwa muni. Abin da za a yi shi ne a tattara duk abin da tsohon ke sha a leda guda, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, a kai wurin ma'aikatan lafiya a ce yana jiri. Mai shan magani kala huɗu ko fiye lallai a duba masa. (Ga sababbin zuwa: in kun ji mutanen nan sun ce "mu tafi likita", asibiti suke nufi.)

Ido ma yana da kaso mai yawa. Yanar ido takan zo a hankali har mutum ya ɗauka tsufa ne kawai, alhali aiki ne na ɗan lokaci a cire ta gani ya dawo. Duk lokacin da aka sanar da zuwan masu aikin ido, ku kai tsofaffi ko da sun ce ba komai. Kuma kada a yarda a kai su wurin masu kwantar da yana da tsinke a gida, idanu da yawa sun mutu ta wannan hanya. Tsohon da ke gani da rana amma magariba na yi sai ya riƙa lalube, shi ma a faɗa wa ma'aikatan lafiya.

Ƙafa kuma a riƙa duba ta. Mai ciwon suga tafin ƙafarsa yakan mutu, ya taka dutse ko ƙaya bai ji ba, bai kuma san ko ƙasa ta karkace ba. Faso mai zurfi, farce da ya yi tsawo ya lanƙwashe, gwiwa mai ciwo, duk suna sauya tafiyar mutum. Jika ya yanke wa kakansa farce, lada ne kuma kariya ce.

Zagaya gida da idon tsoho

Ku zaɓi wata magariba, mutum ɗaya ya bi hanyar da tsohon ke bi, daga shimfiɗarsa zuwa ƙofa, zuwa wurin alwala, zuwa bayan gida, yana jan ƙafa a ƙasa kamar yadda tsofaffi ke yi. Duk abin da ƙafarsa ta ci karo da shi, shi ne zai kada tsohon: bakin tabarma da ya naɗe, leda, takalman yara a bakin ƙofa, taɓarya, itacen da aka zube, turken akuya da igiyarta, igiyar tanti da ƙusarta, ramin da aka ɗebi ƙasa aka bari. Abin da za a iya kawarwa a kawar. Igiyar tanti da ba ta kawuwa a ɗaura mata farin tsumma don a gan ta, turken dabbobi a mayar da shi bayan ɗaki. Dokin ƙofar da muke ɗagawa don tare ruwan damina yana da amfani, amma a shafa masa farar ƙasa ko toka, a kafa sanda mai ƙwari a gefen ƙofa ta dafawa. Gidan sauro kuma a soke shi yadda ba zai harɗe ƙafa ba in an fito da dare, kada dai a cire shi.

Kwanciya a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai ciwon gwiwa. Inda aka samu hali a yi masa gadon kara ko dakalin ƙasa wanda in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa sosai, tsayinsa daidai gwiwa. Kayan da yake amfani da su kullum, buta, carbi, goro, ruwa, su kasance tsakanin ƙugu da kafaɗa. Kada tsohuwa ta hau turmi ko jarka don sauko da wani abu daga rataye.

Bayan gida shi ne wurin da ya fi ba mu tsoro, kuma shi ne wanda kunya ke hana a yi maganarsa. Ga nisa, ga duhu, ga daɓen siminti da kullum yake a jiƙe, ga tsuguno wanda tashi daga shi yana haɗa ciwon gwiwa da jiri wuri guda. Kuma tsoho yakan tafi da sauri don fitsari ya matse shi. Abu uku ke taimakawa ƙwarai. Na farko abin dafawa a ciki: sanda mai kauri da aka binne da kyau a gefen ramin, ko igiya mai ƙulli-ƙulli da aka ɗaure a abin da zai ɗauki nauyin mutum, buhu ko zanan da aka kewaye wurin da shi ba abin dafawa ba ne, tare za su faɗi. Na biyu kujera mai rami a tsakiya da ake ɗorawa a kan masai, kowane kafinta zai iya yin ta, ko a huda tsohuwar kujerar roba mai ƙwari. Na uku, da dare kada tsoho ya fita ko kaɗan in ana iya kaucewa: a ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki, a zubar da safe a wanke. Wasu dattawa za su ƙi saboda nauyin surukai da jikoki. A samu wanda ba sa jin nauyinsa ya yi musu maganar a keɓe, a kuma sa labule. Kunyar bokiti ta kwana ɗaya ce, wanda ya karye kuwa komai nasa a shimfiɗa za a riƙa yi masa.

Fitilar nan mai cajin rana da aka raba, a gidaje da yawa tana hannun samari suna cajin waya, ko tana wurin hira. A ganina wanda ya fi kowa haƙƙi a kanta da dare shi ne wanda ya fi kowa tsufa. A ajiye ta a kan shimfiɗarsa, wuri guda kullum, a ɗaura mata igiya ya rataya a wuya don hannuwansa su samu riƙe sanda.

Wurin alwala da wanka a zuba masa tsakuwa ko yashi, a yi masa hanyar da ruwa zai wuce. Tsoho ya yi alwala a zaune a kan kujera 'yar tsuguno mai ɗan tsayi, kada ya tsaya da ƙafa ɗaya yana wanke ɗayar. Wanka ma a zaune. Wanda tsayuwa ko tasowa daga sujada ke sa shi layi, ya halatta ya yi salla a zaune, limamai suna faɗar haka. Takalmin soso da ya sule, ko silifas da ya fi ƙafa girma, ya fi tafiya ba takalmi haɗari a kan jiƙaƙƙen daɓe. A nemi mai maɗauri a dunduniya da ƙasa mai kaushi. Zani da riga kuma kada su kai ƙasa.

Da damina komai yana ninkuwa. Bakin famfo da hanyar masallaci sukan zama taɓo, kwata takan cika. Ɗiban ruwa a irin wannan lokaci aikin yara da matasa ne.

Sanda

Sanda ba abin kunya ba ce, dattawanmu sun saba da ita tun can. Amma a yi ta daidai. Mutum ya tsaya da takalminsa ya saki hannu, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan ne tsayin mariƙin sanda. A riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, a jefa ta gaba tare da ƙafa mai ciwo. Mutane da yawa suna yin akasin haka. A ɗaura mata guntun robar taya a ƙasa don kada ta zame a siminti. Karan dawa ba sanda ba ne. Wanda sanda ɗaya ba ta ishe shi ba, a zo a yi magana, akwai lokacin da ake samun sandunan asibiti da keken guragu ta hannun ƙungiyoyin da ke aiki da masu buƙata ta musamman, kuma sai wanda aka rubuta sunansa ake nema in sun zo.

"Zauna ka huta, Baba"

Wannan magana ta ladabi ce, amma in ta yi yawa cutarwa take yi. Tsoka in ba a aiki da ita narkewa take yi, kuma ta tsoho ta fi saurin narkewa; mako ɗaya a kwance yana rage masa ƙarfin da zai yi makonni bai mayar ba. A gida yana zuwa gona, yana kai dabbobi, yana zuwa kasuwa. Nan babu gonar, sai zama a inuwa da tunani. Wanda ya taɓa faɗuwa kuma tsoro yakan kama shi ya daina fita, ƙafa ta ƙara mutuwa, faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi fiye da ta farko. A cikin duk abubuwan da likitoci suka gwada don rage faɗuwa, motsa jiki mai ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa shi ne ya fi nuna amfani, kuma ba ya cin ko dala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 65 zuwa sama su yi irinsa aƙalla kwana 3 a mako.

Ga yadda ake yi, wani yana tsaye kusa, kuma a gefen bango ko bishiya. A zauna a kan benci ko dakali mai tsayin gwiwa, a miƙe, a koma a zauna a hankali ba tare da faɗawa ba, sau 5, a riƙa ƙarawa har 10. Da farko a dafa, daga baya a rungume hannu a ƙirji. Wannan shi ne uban sauran, in ɗaya kawai za a yi to shi za a yi. Bayansa a dafa bango a yi ɗage a kan yatsu a sauko, sau 10. A ɗaga ƙafa ɗaya a ƙirga goma, a sauya. A yi tafiya ta gefe taku goma a dawo. Wanda ya ƙware sai ya gwada tafiya yana ɗora dunduniya a gaban yatsun ɗayar ƙafar, kamar mai awon fili. Da safe kafin rana ta yi zafi ya fi, kuma in dattawa uku ko huɗu suka haɗu bayan sun karya, ko tsofaffin mata a tsakar gida guda, abin ya fi ɗorewa don ana yi ana raha. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya ɗauke, ko jiri, ya tsaya a kai shi a duba. Sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi kafin a ga bambanci sosai, kuma in an daina ƙarfin yana komawa.

Akwai gwajin da ma'aikatan lafiya ke yi wanda ku ma za ku iya da agogon waya. A auna mita 3 daga kujera, wato kamar taku huɗu na babban mutum. Tsohon ya tashi, ya je, ya juyo, ya zauna, da tafiyarsa ta kullum da sandarsa in yana riƙewa. Idan ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin waɗanda ake ji wa tsoron faɗuwa.

Ƙananan ayyuka kuma a bar musu: sussukar da ba ta da nauyi, ɓarar gyaɗa, tufka, shara, rakiyar jika makaranta, zuwa masallaci da rana.

Abinci

Mun san yadda rabo yake, ba za mu ce a sayi abin da babu ba. Amma a lura da rabon cikin gida. Tsohuwa takan tura wa jikoki nata ta ce ta ƙoshi, marar haƙori kuma yakan bar abin da ba ya tauno. Tsoka tana son wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, fara, kifi. Ƙashi yana son nono da kindirmo, ganyen zogale, kuka, riɗi, da ƙananan kifin da ake daka su da ƙayarsu a miya. A dafa wake ya yi lugub, a daka ƙuli a zuba a kunu, a dama fura da nono in an samu. A zuba wa tsoho nasa daban a ga abin da ya ci. Hasken rana a fata yana taimaka wa jiki ya amfana da abin da ke gina ƙashi, don haka wanda ke yini a ɗaki a fito da shi hantsi ya sha na ɗan lokaci.

Ranar rabon kaya kada a tura tsoho ya tsaya a layi cikin rana da turereniya, ya kuma ɗauko buhu. Ku zo teburin kariya a rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman, a kuma rubuta wanda ya amince ya karɓar masa.

Idan an riga an faɗi

Kada a yi caa a kansa a ɗaga shi ta hannuwa, wannan ɗagawar tana iya raba ƙashin da ya tsage kawai. A durƙusa a yi masa magana, a tambaye shi inda ke ciwo. Idan yana jin ciwo a matsematsi ko ƙugu, ko ya kasa ɗaga ƙafar, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarta tafinta ya juya waje, a ɗauka ƙugu ya karye. Haka in wuya ko tsakiyar baya ke ciwo, ko hannu da ƙafa sun mutu. A bar shi yadda yake, a yi masa inuwa ko a lulluɓe shi, a tura a kira ma'aikatan lafiya. In dole sai an ɗauke shi, a sa tsumma tsakanin ƙafafun a ɗaure su tare a hankali, mutum uku ko huɗu su ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Ba a ɗora mai irin wannan rauni a kan babur. Kada a ja ƙafar, kada a murza.

Idan babu irin wannan ciwo kuma yana jin zai iya, shi zai tashi da kansa, ku kuna tallafawa: ya mirgina gefe, ya yi rarrafe zuwa benci ko dakali, ya dafa da hannu biyu, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ya juya ya zauna, ya huta. Yana da kyau a koya wa kowane tsoho wannan tun yana lafiya. Wanda ke kwana shi kaɗai a ajiye masa kwano da cokali ko usur da zai buga, kuma a samu maƙwabcin da zai leƙa shi safe da dare, domin kwana a ƙasa ba a sani ba yana da nasa haɗarin ko babu karaya.

Bugun kai yana da yaudara. Jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kan tsoho, sai bayan kwanaki ko makonni a ga yana yawan barci, yana ciwon kai, yana amai, yana rikicewa, ko ɓari ɗaya ya yi rauni. Kada a ce ruɗewar tsufa ce ko iska, a kai shi asibiti a faɗa musu ranar da ya faɗi. Wanda kuma ya faɗi don bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, ko ya suma, wannan na gaggawa ne a wannan sa'ar.

Maganar maɗori: mun san mutanenmu sun yarda da ɗori, kuma akwai gidajen da suka gaje shi. Amma ƙashin ƙugu yana can ciki ƙarƙashin nama, kara da tsumma ba sa kai gare shi, galibi aiki yake bukata a babban asibiti a Maraɗi, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon fatan sake tafiya. Karayar da ƙashi ya huda fata ita ma ta asibiti ce kai tsaye. Ko a hannu ne, ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini: in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, a kwance nan take a tafi asibiti, domin ta haka ake rasa hannu. A fara zuwa a ɗauki hoto a san abin da ya karye.

Tsofaffi da yawa suna ɓoye faɗuwa don kada a ce sun zama kaya, ko a hana su fita. Ku riƙa tambaya cikin hira: "Inna, kin taɓa zamewa kwanan nan?" Ku duba gwiwa da gwiwar hannu lokacin wanka. Duk wanda ya faɗi sau biyu a shekara guda, ko sau ɗaya da rauni, a kai shi a auna jininsa a kwance da tsaye, a duba ido da suga da magungunansa. Idan kuma kun san tsohon da ba shi da kowa, ko wanda ake barinsa a kulle, ko raunin jikinsa bai yi kama da na faɗuwa ba, ku sanar da teburin kariya ko wakilin unguwarku. Ba a bayyana sunan wanda ya kawo magana. Mai zuwa rubuta tsoho ya zo da takardar rajistar gidan da ledar magungunan, in kuma tsohon ba ya iya tafiya a faɗa mana lambar ɗakin, mu za mu zo.